Darasin Tattalin Arziki: Sana'ar Ƙera Ƙananan Wasannin Kwamfuta da Manhajojin Ofis, da Lissafin da Ke Gaban Mai Jari

MINNA: Duk wanda ya kama hanyar Zungeru daga Minna, da zarar ya bar Bosso zai iso Maikunkele, hedkwatar ƙaramar hukumar Bosso, inda filin jirgin saman Minna yake, wanda aka sauya wa suna zuwa na Shugaba Bola Ahmed Tinubu a watan Maris na 2024. Gari ne na manoma da ma'aikatan gwamnati da 'yan tireda. To, amma yana maƙwabtaka da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, mai mazauni biyu a Bosso da Gidan Kwano, wadda kuma a kowace shekara take yaye matasan da suka koyi rubuta manhajar kwamfuta. Yawancinsu takardar neman aiki suke rubutawa. Kaɗan daga cikinsu kan zo wurin mahaifi ko kawu ko maigidan da suka yarda da shi, su ce a ba su jari domin su ƙera wasan kwamfuta ko wata 'yar manhaja su sayar.

Wannan darasi na mutumin da aka zo wa da irin wannan buƙata ne. Ɗan kasuwar da ya saba da doya da shinkafa da siminti ya san yadda zai auna ribar mota guda ta kaya tun kafin a yi lodi. Idan aka ce masa hajar ba ta da nauyi, ba ta cin sito, ba a kuma biyan kuɗin dako a kanta, sai ya yi tsammanin ko dai zamba ce ko kuwa rijiyar kuɗi. Duka biyun kuskure ne. Sana'a ce mai lissafinta, lissafin ne kawai ya bambanta da wanda aka saba.

Tsadar kwafin farko

Abu na farko da ake koya wa ɗalibin tattalin arziki game da masana'anta shi ne ya raba kuɗin da ake kashewa gida biyu: wanda ake kashewa ko an sayar ko ba a sayar ba, da wanda yake ƙaruwa da kowane ƙarin kaya guda. Mai gidan burodi yana da kuɗin tanda da haya a gida na farko, fulawa da sukari da itace a gida na biyu. Kowane burodi yana cin fulawarsa, don haka ribarsa a kan kowane guda tana da iyaka, amma kuma idan kasuwa ta yi sanyi sai ya rage kwaɓi, asararsa ta ragu.

A sana'ar manhaja kusan dukkan kuɗin yana gida na farko. Kwafin farko shi ne yake cinye watanni ko shekarun aiki, da kuɗin kwamfuta, da wuta, da intanet, da abincin mai aikin. Kwafi na biyu da na dubu goma kuwa kusan kyauta suke fitowa. Ma'anar wannan ga mai jari ita ce, duk kuɗinsa za su shige tun kafin a san ko akwai mai saye, kuma idan babu mai saye ba shi da ragowar kaya da zai karyar ya rage asara. Idan kuwa kasuwa ta karɓa, duk abin da ya shigo bayan an mayar da uwar kuɗi riba ce kusan zalla.

Daga nan ne labaran da matasa suke kafa hujja da su suka samo asali, kuma labaran gaskiya ne. Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin ya fara fitar da wasan Minecraft a 2009, a 2014 kuma kamfanin Microsoft ya sayi kamfaninsa, Mojang, a kan dala biliyan 2.5. Eric Barone a Amurka ya yi fiye da shekara huɗu shi kaɗai yana ƙera wasan noma mai suna Stardew Valley, ya fitar da shi a 2016, aka sayi miliyoyin kwafi. Dong Nguyen na Biyetnam ya ƙera Flappy Bird a 2013, wasan da bai wuce danna allo da yatsa ɗaya ba, ya kuma faɗa da bakinsa a farkon 2014 cewa talla tana kawo masa kimanin dala 50,000 a rana, kafin ya janye wasan daga kasuwa a watan Fabrairu na shekarar. Abin da ba a cika faɗa wa mai jari ba shi ne, a shekarar 2023 kaɗai an fitar da sababbin wasanni sama da 14,000 a kasuwar Steam, kuma da yawa daga cikinsu ba su mayar da kuɗin aikinsu ba. Wanda ya kafa lissafinsa a kan Minecraft tamkar manomin da ya ci bashi ne yana dogaro da damina mafi albarka da aka taɓa gani a tarihin garinsu.

Ɗanɗano kafin ciniki

Tun kafin intanet ta game duniya, masu ƙera manhaja su kaɗai sun gano wata dabara wadda mai kilishi da mai dakuwa suka riga su sani, wato a ba mutum ɗanɗano. Scott Miller na kamfanin Apogee a jihar Texas shi ne ya tsara ta a 1987: a raba wasa kashi-kashi, a ba da kashin farko kyauta, a kuma roƙi jama'a su kwafa su ba abokansu, wanda ya ji daɗi sai ya aiko da kuɗin sauran ta gidan waya. Da wannan tsari ne kamfanin id Software ya fitar da Doom a watan Disamba na 1993, kashi ɗaya kyauta, biyu na kuɗi. Hikimar ita ce, kwafar da mutane za su yi ko an hana su, an mayar da ita talla.

Haka ƙananan manhajojin aiki suka bi. Phil Katz ya fitar da PKZIP a 1989 domin matse takardun kwamfuta su rage girma. WinZip ya biyo baya a 1991, WinRAR na Eugene Roshal a 1995. Irfan Skiljan ya rubuta IrfanView na duba hotuna a 1996, Igor Pavlov ya fitar da 7-Zip a 1999, Don Ho kuma Notepad++ a 2003. Mai karatu ya leƙa kwamfutar kowane shagon buga takardu a Minna, da wuya ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan. Kowacce aiki guda take yi, ta kuma iya shi. WinRAR abin nazari ne na musamman: yana ba da kwana 40 na gwaji, bayan nan sai ya riƙa tuna wa mutum ya biya, amma ba ya daina aiki. Ɗaiɗaikun mutane kan rufe tunatarwar su ci gaba, kamfanoni da ma'aikatu kuwa, waɗanda ke tsoron ƙarar satar fasaha, su ne ke sayen lasisi. Wato dai masu shi sun san wane ne ainihin abokin cinikinsu, ba su kuma ɓata lokaci suna bin wanda ba zai taɓa biya ba.

Inji: haya ko mallaka

A yau ba safai ake ƙera wasa tun daga tushe ba. Akwai manyan manhajoji da ake kira injin wasa, waɗanda suka riga suka ƙunshi yadda za a nuna hoto, a fitar da sauti, a sa abu ya faɗo ko ya yi karo da wani, a kuma mayar da wasan ya yi aiki a wayar hannu da kwamfuta. Matsayinsu kamar na masaƙa ne ga masaƙi: zare da zane nasa ne, amma a kan masaƙar zai yi aikin. Tambayar da mai jari zai yi ita ce, masaƙar nan ta wace ce, kuma da wane sharaɗi aka ba da ita.

Uku ne suka fi shahara. Unity, wanda aka fara a Kwapanhagan ta ƙasar Denmak aka kuma fitar a 2005, kyauta ne ga mai ƙaramin ƙarfi har sai kuɗin shigarsa ya kai dala 200,000 a shekara, daga nan sai ya koma biyan kuɗin lasisi. Unreal na kamfanin Epic Games yana karɓar kashi 5 cikin ɗari na cinikin wasa bayan ya haura dala miliyan ɗaya. Godot, wanda Juan Linietsky da Ariel Manzur 'yan Ajantina suka fara, suka kuma sake shi ga jama'a a 2014, ba shi da kuɗin lasisi ko kamasho ko kaɗan, kuma kowa yana da izinin ya buɗe cikinsa ya gyara. Ga matashin da ke Maikunkele akwai ƙarin dalili: Godot ƙarami ne, ba ya cin data mai yawa wajen saukewa, yana kuma tashi a kan kwamfuta 'yar gwanjo.

Abin da ya faru da Unity a 2023 ya isa darasi ga duk mai gini a filin haya. A watan Satumba na shekarar kamfanin ya ba da sanarwar cewa zai fara karɓar kuɗi har zuwa santi 20 a duk lokacin da wani ya ɗora wasa a na'urarsa, muddin wasan ya haura wani mizani na ciniki da yawan masu saukewa, har da wasannin da aka riga aka fitar. Ga mai wasan kyauta wanda yake dogaro da talla, wanda abin da yake samu a kan kowane mutum bai taka kara ya karya ba, wannan na iya cinye ribar gaba ɗaya. Masu ƙera wasanni suka yi ca, shugaban kamfanin John Riccitiello ya sauka a watan Oktoba, a watan Satumba na 2024 kuma aka soke tsarin baki ɗaya. An janye, amma kowa ya ga cewa mai inji yana iya sauya sharaɗi bayan ka zuba shekara biyu a kan injinsa. A ra'ayin mai wannan rubutu, wanda zai fara da ƙaramin jari, a kan wasa mai sauƙin hoto, ba shi da wani dalili mai ƙarfi na ɗaukar wannan kasada.

Akwai kuma wata kasuwa a gefen injin wadda ba a cika lura da ita ba. Masu ƙera wasanni suna sayen kayan aiki daga junansu: zanen bishiyoyi da gidaje, sautin ganga, 'yar manhajar da ke tsara hirar 'yan wasa ko ajiye matakin da mutum ya kai. Unity yana da kasuwarsa ta irin waɗannan kaya tun 2010. Mai sayar da fartanya ba ruwansa da wace gona ce za ta yi kyau. Zanen ginin ƙasa mai zanko, da rumbu, da babbar riga, da sautin kalangu da kakaki da aka naɗa da tsabta, duk kaya ne da ba su yi yawa a waɗannan kasuwanni ba, kuma aikinsu na makonni ne.

Dillalai da la'adarsu

Ba a kai wa mai saye sai ta hannun dillali, dillalan kuwa kaɗan ne. Kasuwar Steam ta kamfanin Valve, wadda aka buɗe a 2003, tana karɓar dala 100 a kan kowane wasa da za a shigar, tsarin da ta fara a 2017, tana mayar da kuɗin idan ciniki ya kai dala 1,000, sannan tana cire kashi 30 cikin ɗari na ciniki. Google Play yana karɓar dala 25 sau ɗaya na rajista, Apple kuwa dala 99 a kowace shekara. Dukansu biyu sun rage la'adarsu zuwa kashi 15 cikin ɗari ga ƙananan masu sana'a a 2021, a kan dala miliyan ɗaya ta farko. Tun watan Nuwamba na 2023 Google ya ƙara sharaɗi ga sababbin masu rajista na ƙashin kai, cewa sai mutane 20 sun gwada manhajar na tsawon kwana 14 kafin a fitar da ita, daga baya a ƙarshen 2024 ya rage zuwa mutum 12. Kasuwar itch.io, wadda aka buɗe a 2013, tana barin mai kaya ya yanke la'adar da kansa, sai dai masu saye a can ba su kai na Steam yawa ba.

Bari mu yi lissafi da alƙaluman misali, domin a ga yadda kuɗin ke zagwanyewa. A ce matasa biyu sun yi wata 18 suna aiki, suka sa wasansu a Steam a kan dala 5, aka sayi kwafi 1,000. Ciniki ya kama dala 5,000. Dillali ya cire dala 1,500, saura 3,500. Nijeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, saboda haka ana riƙe kashi 30 cikin ɗari na abin da ya fito daga masu saye na can. Idan muka ɗauka kashi 40 cikin ɗari na ragowar kuɗin daga Amurka yake, wato dala 1,400, za a riƙe dala 420, saura 3,080. A canjin Naira 1,500 ga dala, ya kama Naira 4,620,000. A raba wa mutum biyu na wata 18, kowa ya tashi da kimanin Naira 128,000 a wata. Ya fi mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yuli na 2024, amma ba a cire kuɗin kwamfuta da wuta da data ba, ba a cire rangwamen da ake yi a lokutan gwanjo da kuɗin da ake mayar wa waɗanda suka fasa ba, ba a kuma ba mai jari ko sisi ba. Sannan sayar da kwafi 1,000 ɗin ma ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda ba a san sunansa ba.

Wannan lissafi yana da fuska ta biyu. Mai aikin da Naira yake ci yake sha, kuɗin shigarsa kuwa da dala. Tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, canji ya tashi daga kimanin Naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a cikin 2024. Abin da ya durƙusar da mai shigo da kaya shi ne ya ƙara wa mai fitar da aikin ƙwaƙwalwa daraja. Dala 3,000 ba za ta riƙe mutum wata biyu a Landan ba, a Minna kuwa tana iya riƙe shi shekara.

Abin da aka gwada a Afirka

Ba sabon abu ba ne a nahiyar nan. A Afirka ta Kudu kamfanin Celestial Games ya fitar da Toxic Bunny tun 1996. Eyram Tawia na Gana da Wesley Kirinya na Kenya sun kafa Leti Arts a 2009. A Legas, Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a 2012, ya fara da ƙananan wasanni kan rayuwar yau da kullum irin su Okada Ride da Mosquito Smasher, daga baya ya fitar da Whot King a kan kartar da kowa ya sani, a 2024 kuma kamfanin ya ƙera wa Disney wasan girki mai alaƙa da shirin Iwájú. A Kamaru, Olivier Madiba ya tara jarin Kiro'o Games daga hannun ƙananan masu zuba kuɗi da dama, ya fitar da Aurion a 2016 bayan shekaru yana fama da ɗaukewar wuta a Yawunde.

Wanda ya bi tarihin waɗannan kamfanoni zai lura cewa waɗanda suka daɗe ba su dogara da cinikin wasa kaɗai ba. Sun haɗa da aikin kwangila ga kamfanoni da ƙungiyoyi, da horar da matasa, da haɗin gwiwa da manyan kamfanonin waje. Dalilin a fili yake. Ɗan Nijeriya yana son wasa, amma bai saba biyan kuɗin manhaja ba, kuma masu talla ba sa biyan kuɗi mai yawa a kan idon da ke Nijeriya kamar yadda suke biya a kan na Amurka ko Ingila. Masu fim ɗin Hausa sun riga sun sha wannan. Sun fara da ƙaramin jari a Kano da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, kasuwa ta buɗe saboda jama'a suna son su ga kansu da harshensu, daga bisani masu kwafa da masu tura fim a waya suka karya cinikin faifai, dole aka koma neman kuɗi ta tashoshin talabijin da YouTube.

Duk da haka akwai filin da ba a noma ba sosai. Wasan dara, mai ramuka 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, inda wanda ya jera uku yake cin ɗan abokin karawarsa, ƙa'idojinsa kaɗan ne, zurfinsa da yawa, ba ya kuma buƙatar hoto mai tsada. Matashi ɗaya zai iya ƙera shi cikin 'yan watanni. Ba zai sa kowa ya yi arziki ba, amma shi ne irin aikin da ya dace a fara koyon kasuwa da shi, domin idan ya faɗi asarar ba ta karya gida.

Kasuwar da ke bakin ƙofa

Idan ana maganar kuɗin da za a iya ƙirgawa tun kafin a fara aiki, to manhajar ofis ta fi wasa. Mai wasa yana neman baƙi dubu waɗanda bai taɓa gani ba. Mai manhajar ofis yana neman mutum talatin ko arba'in waɗanda zai iya zuwa ya gaishe su.

Minna gari ne na jarrabawa. Nan hedkwatar hukumar NECO take tun kafuwarta a 1999, kuma tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Ɗalibin da ya taso a ƙauyukan Bosso yana iya sanin amsa ya faɗi saboda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu suna buƙatar manhajar gwajin jarrabawa da ke aiki ba tare da intanet ba, da ta haɗa sakamakon zango, da ta bin kuɗin makaranta. Mai kantin magani yana buƙatar wadda za ta faɗa masa wane magani ne ya kusa lalacewa. Mai sayar da taki da maganin feshi yana buƙatar littafin bashi wanda ba ya jiƙewa. Akwai manhajojin waje da ke yin waɗannan ayyuka, amma yawancinsu da dala ake biya duk wata, suna kuma ɗauka cewa intanet ba ta yankewa.

A nan ma ga lissafin misali. Makarantu 40, kowacce tana biyan Naira 25,000 a zango, zango uku a shekara, ya kama Naira miliyan 3. Bai kai kuɗin wasan can ba, amma yana dawowa kowace shekara, babu dillalin da ke cire kashi 30, ana kuma karɓarsa ta banki ko ta Paystack da Moniepoint ba tare da neman dala ba. A lura cewa abin da makarantar take saye ba kwafin manhajar ba ne, domin wannan ana iya sata. Tana sayen tabbacin cewa ran da za a raba sakamako, idan firinta ta ƙi ko kwamfuta ta mutu, akwai wanda zai hau babur ya zo. Wannan hidima ita ce mai kwafa ba zai iya kwafa ba, ita ce kuma take cin lokaci fiye da rubuta manhajar kanta, don haka dole a sa ta a farashi.

Wani ɗan abu da ya shafe mu kai tsaye: haruffan ƙ da ɗ da ɓ ba su kan madannin kwamfutar da ake sayarwa a kasuwa. Manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL tana magance wannan kyauta, amma manhajojin ofis da yawa har yanzu sukan mayar da sunan Ɗanladi ko Ƙasimu wasu alamomi marasa ma'ana a kan rasit. Wanda ya tsara tasa ta rubuta Hausa daidai, da allon umarni cikin Hausa ga yaron shagon da bai yi boko mai zurfi ba, ya sami abin da zai bambanta shi da na waje. Sai kuma a tuna cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali kwamfutoci da yawa a ofisoshinmu tsofaffi ne da ba za su ɗauki sabon ba. Manhaja mara nauyi wadda ke tashi a kansu tana da sauran shekaru a kasuwa.

Wuta da takarda

Jihar Neja ita ke da madatsun Kainji na 1968, da Shiroro na 1990, da Zungeru mai megawat 700 da aka kammala a 2023, ga kuma Jebba a kan iyakarta da Kwara. Duk da haka mai sana'a a nan ba ya lissafi da wutar gwamnati kaɗai. Tun cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya zama na lalura, a watan Afrilu na 2024 kuma aka ɗaga farashin wuta ga masu rukunin farko zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni. Sa'ar wannan sana'a ita ce kwamfutar cinya ba ta cin wuta mai yawa. Faifan sola da batir da ƙaramar inbata sun isa mutum biyu, kuma idan sana'ar ta rushe su ne kaɗai kayan da mai jari zai iya sayarwa. Saboda haka ya fi kyau a saye su da sunansa.

Batun takarda shi ne inda aka fi yin sakaci, musamman tsakanin dangi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi, kuma a ƙa'ida haƙƙin yana hannun wanda ya rubuta, ba ya komawa ga wani sai da rubutacciyar yarjejeniya. Wato Alhajin da ya biya kuɗin aikin shekara guda ba tare da takarda ba yana iya wayar gari ba shi da komai a cikin abin da aka ƙera. Mai manhajar makaranta kuma yana riƙe da sunaye da sakamakon yaran mutane, don haka dokar kare bayanan jama'a ta watan Yuni na 2023 ta hau kansa. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC tana buɗe hanyar asusun banki na kamfani, dokar sababbin kamfanonin fasaha ta watan Oktoba na 2022 kuma ta tanadi rangwamen haraji ga kamfanonin da suka sami shaidar hukumar NITDA.

Tsarin da ya fi dacewa da al'adarmu shi ne mai kama da ƙiradi: ɗaya da dukiya, ɗaya da aiki, a yanke kason riba tun farko a gaban shaidu, asarar kuɗi ta hau mai dukiya muddin babu sakaci, mai aiki kuma ya yi asarar guminsa. Sai dai kada a ba da kuɗin a dunƙule. A raba shi kashi uku ko huɗu, kowane kashi a ɗaure shi da abin da ido zai gani. Na farko, samfurin da ke aiki cikin wata biyu ko uku, ko da hotonsa bai yi kyau ba. Na biyu, idan manhajar ofis ce, shugabannin makarantu ko masu kantuna biyar waɗanda ba dangi ba da suka gwada ta suka kuma biya wani abu, komai ƙanƙantarsa. Idan wasa ne, yawan baƙin da suka sauke ɗanɗanon suka sake buɗe shi bayan mako guda, alƙalamin da Google Play da Steam suke nuna wa mai kaya. A kuma rubuta a cikin yarjejeniyar cewa za a riƙa ajiye kwafin asalin rubutun manhajar a wuri na biyu wanda mai jari yake da mabuɗinsa, tare da sunan wanda zai ci gaba da kula da abokan ciniki idan matashin ya sami aiki a Abuja ko ya tafi bautar ƙasa.